Mujiyar Dijon da Hannunki na Hagu

Mount Hope, Bronx
Oktoba, 2013

Zuwa ga Iyatu, hasken idona, ruwan randata a tsakiyar bazara, inuwar da na zaɓa tun rana ba ta yi zafi ba, wadda nake so fiye da numfashin da nake ja, amaryar Tamimu.

Barka da dawowa daga Faransa, rabin raina! Tsarabarki ta iso. Ƙawarki ce ta miƙo mini ta tagar tasi a bakin tashar Parkchester, ko idona ba ta iya kallo ba: kwalbar mutardi ɗaya, an ɗaure wuyanta da jan zare. Madalla da ke! Shekara huɗu ina bin sawunki, ga abin da na tashi da shi, yaji mai hawa hanci. Na buɗe na lasa, hawaye ya zubo. Ko ba komai kin sama mini abin ɗora wa laifi.

Kin tuna Asabar ɗin nan ta 2010, da na ajiye tasi muka hau jirgin ƙasa mai lamba shida zuwa babban gidan tarihi na Manhattan? An kawo aron masu makokin Dijon, garin da na yi karatun shekara biyu kafin in faɗo Amurka. 'Yan mutane ne na farin dutse, ko kamu guda ba su kai ba, a jere suna rakiyar gawar sarkinsu. Kika tsaya gaban wanda ya ja mayafi ya rufe fuska, kika daɗe, har mai gadi ya fara kallonmu. Kika riƙe hannun rigata kika ce duk wanda ya sassaƙa wannan ya san zafin rabuwa, kuma ba za ki huta ba sai kin je kin gan su a garinsu. Wayyo Iyatu! Ashe darasi kike ɗauka?

Su dai masu makokin sun koma gida lafiya, da yake suna da takardu. Ni kin san in na taka waje ƙofar ƙasar nan ta rufe ke nan. Shi ya sa na ce in ƙafata ba za ta kai ki ba, hannuna zai kai ki. Wata bakwai ina rubuta miki littafin nan mai koren bango, a layin jiran fasinja na filin jirgi, a kan sitiyari, wani lokacin har na baya ya dame ni da oda. Na zana miki hanya daga tashar jirgin ƙasa zuwa fadar sarakunan Burgundi, inda kaburburansu da masu makokin suke. Na ƙirga miki matakalar hasumiya, ɗari uku da sha shida, na ce ki huta a tsakiya saboda gwiwarki. Na nuna miki inda za ki tsaya ki ga rufin gidaje mai kyalli kore da rawaya, da kusurwar kasuwa inda ba a sa naman alade a komai. Na rubuta miki Faransancin da za ki buƙata da harufan Hausa, kalma bayan kalma. Kika ce da Antinki za ki tafi. Ni na kai ki filin jirgi, ni na ɗauki akwatinki, da na tambayi ina Anti kika ce ai ta riga ta shige. Har na ce ki gaishe ta!

Sai hotuna suka fara fitowa a Facebook. Ga ki a jikin bangon tsohon cocin nan, gaban 'yar mujiyar dutse da hannayen mutane suka shafe mata fuska. Ni na gaya miki al'adar garin, cewa ana shafa ta da hannun hagu a roƙi abin da ake so. Ranar da na faɗa miki kin yi dariya har da riƙe ciki, kika ce mujiya kuma, da hagu kuma, Allah ya sawwaƙe. To ga shi kin shafa, zinariyata. Kin ɗaga hannun sama sosai don ya fito a hoto, ya kuwa fito: lalle baƙi wuluk har wuyan hannu, da zobe. Haka na ji labarin aurenki. An ɗaura a Kano, waliyyai sun zauna, an raba goro an watse, ni ina titin Grand Concourse ina neman fasinja. Da ba don hagun da na koya miki ba, sai yaushe za ki gaya mini?

A hoto na gaba ga Tamimu, mai kantin magani, mai shuɗin fasfo na Amurka, riƙe da littafina yana nuna hanya da yatsa kamar a can aka yanke masa cibiya. Bawan Allahn da ko sannu bai iya da Faransanci ba! Duk lomar da ya ci a Dijon da bakina aka nemo masa ita. Ya yi miki daɗi, furena, yawon amarci da rubutun wani a hannun angonki?

Yanzu buɗe shafin mujiyar. A ƙasa na rubuta da jan biro: ki kira ni a nan. Ranar da za ki je wurinta na faka mota a gefen titi tun hantsi, waya a cinya, na ƙi ɗaukar kowa. Abu biyu na ajiye da ban yarda takarda ta faɗa miki ba. Na farko, kawuna ya shirya zai taso daga Maraɗi zuwa Kano neman aurenki. Wannan ya wuce. Na biyu kuwa bai wuce ba. Taku kaɗan daga mujiyar akwai wani ɗan dodo mai kama da ƙadangare a jikin bangon, ba kowa ke lura da shi ba. Mutanen garin suna cewa in ka shafa mujiya sannan ka bi ta gabansa, ya cinye roƙonka. Ba ki kira ba. Je ki duba hoto na bakwai, wanda kuka ba wani ya ɗauke ku kuna dariya. Dubi saman ɗankwalinki.

Me kika roƙa, sanyin idona? Zaman lafiya? Ɗa mai kama da ubansa? Ni musulmi ne, na san dutse ba ya bayarwa ba ya hanawa, ke ma kin sani. Amma na san ki, Iyatu, ke da ba kya iya wuce takalmi a kife sai kin dawo kin gyara shi. Daga yau duk ranar da Tamimu ya shigo bai yi miki magana ba, duk watan da ya zo ya wuce ba labari, za ki tuna ɗan dodon nan. Da na so, da na yi shiru kin zauna lafiya. Ban so ba. Na ji zafi, ina so ke ma ki ɗanɗana, wannan ce tawa tsarabar.

Littafin ki riƙe, na ba ki duniya da lahira. Roƙona ɗaya ne, kar ki goge hoton.

Ni ma na taɓa shafa mujiyar, ina ɗan shekara ashirin da biyu, cikin wauta da sanyi. Na roƙi in so mace ɗaya tak har in mutu, na kuma bi ta hanyar da ta dace, dodon bai gan ni ba. Ban yi tunanin in ƙara da cewa ita ma ta so ni ba. Ga shi nawa roƙon bai faɗi ƙasa ba, ba kuma wanda zai cinye mini shi.

Naki jiya, naki yau, naki har ranar da za a ja mayafi a rufe mini fuska,

Amadou