Ɗakin Nibaldo Na Bakin Kwana

Noelia! Noelia 'yata, kina ina ne? Sau huɗu ina kiranki tun jiya, waya na ta ƙara ba ki ɗauka ba. To tunda muryata ce ba kya son ji, ga rubutu nan, ki karanta sanda kika ga dama. Ki yi haƙuri da shi, yatsuna sun yi wa 'yan haruffan nan girma, in na taɓa ɗaya sai biyu su fito.

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fata kina lafiya, ke da mijinki Hernán da yara. Allah Ya tsare ku a ƙasar Suwidin ɗin nan, Uwa Maryamu ta lulluɓe ku da mayafinta. An ce yanzu a wurinku rana ba ta faɗuwa, mu kuwa nan ta gudu ta bar mu, tun farkon Yuni ruwa ne da iskar teku, kwanon ɗakin girki yana yoyo a inda ya saba. Ni da sauƙi, gwiwar ce dai, in na sauka ƙasan tudu sai na tsaya sau uku kafin in dawo gida. Gwaggonki Clorinda an cire mata haƙora biyu, tana ta masifa amma ba a gane abin da take faɗa, mun ɗan huta. 'Yar kawunki Eulogio ta haihu, namiji, kunnuwan kakansa sak, Allah Ya raya.

Yanzu ki zauna, maganar yayanki ce. Kin san ta, amma zan faɗa miki daga farko, don a waya duk sanda na ɗauko ta sai ki ce Mama tukunyarki na kan wuta.

Tun watan Maris ofishin gyaran gari suka hau tudunmu, wai za a gyara mu saboda baƙin da manyan jiragen ruwa ke saukewa su hawo su ɗauki hoto. Sun yi wa gidajen layinmu fenti, gaba kawai, ɓangaren da ake gani daga titi. Namu sun ba shi ruwan hoda, ba wanda ya tambaye ni. Ki zagaya baya ki ga tsatsa tana nan yadda ubanki ya mutu ya bar ta. An hana shanya a taga. An kwashe karnukan layi. Maƙwabciyarmu Zoila, shekara ashirin da shida tana soya sopaipilla, 'yar wainar fulawar nan, a bakin kwana, sun ɗauke kurarta, wai mai yana ɓata daɓe. Yanzu a ɗaki take soyawa tana miƙowa ta taga kamar mai sayar da kayan sata. Duk wannan na haɗiye. Sai suka zo kan animitar yayanki Nibaldo, ɗan ɗakin tunawa da mamaci na bakin titi.

Ke kina da shekara goma sha tara lokacin, kin ga yadda muka gina ɗan ɗakin nan, ni da ubanki, bulo shida da guntun kwano, daidai inda bas ta buge shi, daidai inda na tarar da jininsa bai bushe ba. Tsayinsa bai wuce gwiwata ba, wa ya tare wa hanya? Shekara goma sha ɗaya kyandir bai taɓa mutuwa a ciki ba, in ban kunna ba wani ya kunna. Yanzu ba nawa ba ne ni kaɗai. Direbobin bas in sun zo kwanar sai sun yi alamar gicciye. 'Yan makaranta suna ajiye masa biro kafin jarrabawa. Allunan godiya sun cika bangon, kowanne an rubuta na gode Nibaldito, haka suke kiransa, da ka biya mini buƙata. Yaron da a rayuwarsa ko kwanon da ya ci abinci ba ya ɗaukewa, ga shi yanzu yana yi wa unguwa guda aiki.

Wata yarinya ce daga ofishin ta zo, da riga ruwan lemo da takardu a hammata, 'yar Santiago babban birni, ƙamshin turarenta ya riga ta shigowa. Kaka take ce mini. Na ce mata ni ban haifi uwarki ba, sunana Edelmira. Wai hayaƙin kyandir ya baƙanta bango, wai furannin roba sun koɗe, wai baƙi suna tambaya ko gidan kare ne. Gidan kare, Noelia! Wai sun yi wa duk animitocin tudun nan sababbi, farare, girmansu ɗaya, a jere a wani lambu bayan maƙabarta, kowanne da ɗan kyandir na batir mai kunna kansa da yamma. Na je na gani. Kamar akwatunan wasiƙa. Na ce mata yarinya, a lambun ya mutu? Ran mutum inda ya fita nan yake tsayawa, ko jaririn unguwar nan ya san wannan. In kun kai ɗakin can kun bar shi nan a titi cikin ruwan sama, wa zai kwana a ciki, batir?

Masu fenti na farko da suka zo, yaran tudun nan ne. Suka tsaya, suka cire hula, suka shafe bangon duka da ruwan ɗorawa, suka zagaye animitar suka bar baƙin nan murabba'i a tsakiya, ya ma fi fitowa. Zoila ta leƙo ta taga tana dariya, ta ce kai 'yan samari, ai kun yi masa firam ne. Mako na gaba aka turo mai katafila, yana ganin abin da aka ce ya ture ya kama ciki, wai zawo, ya bar katafilar a nan har kwana biyu yara suna hawa. Ba wanda zai sa guduma a jikin animita, kowa yana da 'ya'ya, kowa yana tsallaka titi.

Shugaban ma'aikatan, Don Segundo, kin san shi, mai gashin baki, wanda matarsa ke ɗinki kusa da coci. Allon matarsa na nan a bangon, na uku daga sama, lokacin da 'yarsu ta tashi daga ciwon ƙirji. Ya zo gida ran Talata, na ba shi shayi da burodi, ya riƙe kofin bai sha ba. Ya ce Doña Edelmira, kin san yadda ake yi, mu ba za mu taɓa ba sai in jininsa ne ya kashe kyandir da hannunsa, ya kira sunansa ya faɗa masa inda za a kai shi, ya wuce gaba mu biyo da ɗakin a kafaɗa, bulo ɗaya ba zai fashe ba, allo ɗaya ba zai ɓata ba. Na ce Segundo, ba ka ji kunya ba, bayan matarka ta roƙe shi ya amsa mata? Ya ce kunyar ce ta hana shi shan shayin. Ya ce in ban yi ba zuwa Litinin, ofis sun riga sun yi magana da wani kamfani daga Santiago, mutanen da ba su san Nibaldo ba, ba su san kowa ba, za su zo da inji su kwashe su zuba a tipa tare da ɓaraguzan gini. Litinin kuma! Duk ranakun Allah ba su ga wadda za su zaɓa ba sai ranar da ake kunna wa matattu kyandir.

Ni a raina na ce ƙarya suke, ba za su iya ba, don yarinyar da bakinta ta faɗa mini doka ta ce sai wani daga dangi ya sa hannu. Sau uku tana kawo takardar, sau uku ina mayar mata da bironta. Jiya ta dawo ba takarda. Ta juyo mini da wayarta tana murmushi, ta ce kaka, an gama, 'yarki ta fahimta. Na sa tabarau. Sunanki ne, Noelia. Hannunki ne, da wannan N ɗin mai wutsiya da kike yi tun kina aji uku. Zoila tana tsaye a bayana, ta ce maƙwabciya zauna, na ce ba zan zauna a gaban wannan ba. Sai da yarinyar ta fita na zauna.

Daga ina suka samo lambarki ban sani ba, ba kuma shi ne damuwata ba. Ki faɗa mini dai, da kika ɗauki biro a can cikin ɗakinki mai ɗumi, kin tuna wa ya goya ki ya hau da ke matakala ɗari da tara ran da ƙusa ta soke ki a ƙafa? Nibaldo ne. Na san abin da za ki ce. Za ki ce bara bas ta kusa kwashe ni ina durƙushe ina goge kakin kyandir, gaskiya ne, madubinta ya taɓa ɗankwalina. Za ki ce Mama, Nibaldo yana maƙabarta, ba ya kan kwana. A maƙabarta ƙashinsa ne, 'yar nan. Ni na wanke shi, na san abin da muka binne da abin da ba mu binne ba. Ku can kun yi karatu, kun ga titunan da ba a mutuwa a kansu, to madalla. Ai da sai ki kira ni ki zage ni, ki ce tsohuwa ta haukace. Da na fi son haka da a nuna mini ke a wayar baƙuwa.

Akwai kuma wadda ba kya faɗa, ni zan faɗa miki ita. Ran da za ki tafi Litinin ce, na tsaya kunna masa kyandir, iska tana ta kashewa, na isa tasha motarku ta riga ta ɗaga, bayan kanki kawai na gani ta gilashi. Shekara bakwai ba ki taɓa tayar da maganar ba, ni ma haka. Na yi miki laifi, na sani. Kin ga kamar na fi son matacce da mai rai. Ba haka ba ne. Ke kina da ƙafa, kina da miji, kina da bakin cewa kina jin sanyi. Shi ba shi da kowa sai wanda ya tuna. In wannan ne ya sa, da ni za ki rama, ni ce na makara, ba shi ba.

Abin da nake roƙonki ɗaya ne, yau Juma'a, ofis suna nan har ƙarfe biyu. Ki kira su ki ce kin janye hannunki, ki ce kuskure ne, ki ce uwarki ba ta sani ba, ki ce duk abin da kika ga dama. In babu hannunki babu tipa. Ko wata ɗaya su ƙara mini, in je wurin Fada na cocinmu, in tara direbobi da matan da ke da alluna a bangon, mu je mu zauna musu a ƙofa. Ban taɓa roƙonki komai ba tunda kika tafi, ko wayar nan ke kika aiko da kanki.

Ki gaida Hernán, ki ce masa na gode da maganin gwiwa. Ki sumbatar mini Matías da Elvira 'yar ƙarama, ki ce kakarsu tana saƙa musu safa, saura ƙafa ɗaya. Gwaggonki Clorinda tana gaishe ki da abin da ya rage mata na baki, kawunki Eulogio ma, Zoila kuwa ta ce kada in sa sunanta a gaisuwar, to ban sa ba. Ni ce uwarki, wadda

Tsaya, ana buga ƙofa.

Don Segundo ne, na hango shi ta taga, hularsa a hannu, ruwa na dukansa. Yana magana ta jikin ƙofa. Wai mutanen Santiago ba su jira Litinin ba, wai suna da wani aikin ranar, tipar tana ƙasan tudu yanzu haka. Ya roƙe su sun ba shi rabin awa, sun shiga shan shayi. Yaransa huɗu suna tsaye a kwanar sun zagaye ɗakin, ni kaɗai ake jira.

To kar ki wahalar da kanki da kiran. Ba zan bari a zuba shi a tipa ba. Zan sauka, zan kashe kyandir ɗin da yatsuna, zan wuce gaba ina kiran sunansa har lambun, ko zai biyo ni ko ba zai biyo ba Allah kaɗai Ya sani. Zai tambaye ni wa ya yarda, kin san shi da tambaya. Ba zan ce ke ce ba, Noelia. Zan ce masa ni ce.

Ina zuwa Segundo, kar ka ɓalle mini ƙofa, takalmina nake ne