Kukan Gado na Tara

Zuwa ga Yayata,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa, ina fatan kina lafiya, ke da maigida da yara, da Tsigina. Na sauka lafiya. Waya ba ta shiga a nan sai mutum ya hau tudu, shi ya sa kika ga takarda.

Gidan marayun tsohon bene ne mai dogon baranda. Ɗakin jarirai aka ba ni. Gadaje goma sha takwas ne na ƙarfe, layi uku, kowanne da lambarsa. Mu 'yan sa-kai shida ne, kowa da ƙasarsa, sai ma'aikatan gidan. Shugabar wata tsohuwa ce mai makullai a ƙugu, ban taɓa ganin haƙorinta ba. Ranar farko ta karanta mana doka: duk Litinin a canja layi, kuma ba a ɗaukar yaro sai don abinci ko wanka, da an gama a ajiye shi. Na tambayi dalili, ta ce haka ake yi a nan.

Yaya, ɗakin nan ba a kuka. Jarirai goma sha takwas, amma kina jin agogon bango. Akwai wata a gado na tara, watanta takwas, in yunwa ta kama ta sai ta tsotsi bayan hannunta tana kallon silin. Na sa mata suna Shiru.

Ki faɗa wa Tsigi wata uku ne kawai. Ni zan kai ta makaranta ranar farko da hannuna, na yi mata alkawari.

Taki ƙanwa,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Muna lafiya, maigida yana gaishe ki. Takardarki ta iso, na karanta ta a kan keken ɗinki, don ni ba ni da hutun zama.

Kin cika shafi da 'ya'yan mutane, taki ta samu layi biyu a ƙasa. To bari in cika miki. Kullum da la'asar Tsigi tana ɗaukar kujerar tsugunno ta kafa a bakin ƙofa. Duk motar haya da ta rage gudu sai ta miƙe. In ta wuce, sai kuka, har maƙwabta sun daina leƙowa. Ta koma fitsarin kwance, yarinya mai shekara biyar. Ubanta kuwa kin san shi, yana kan hanya da babbar motarsa, in ya zo sai ya shafa kanta ya ce ta girma.

Wata takwas kika ce? Auta, ni na wanke ki kina jaririya, ba za ki ɓoye mini komai ba. Wata takwas ne da yaronki lokacin da Allah ya karɓi abinsa. Na san abin da ya kore ki daga ɗakinki, ban kuma hana ki tafiya ba. Amma wanda ya rasu ya rasu, wannan tana nan da ranta, tana cinye mini biskit.

Ki bi dokar tsohuwar nan. Mace ba ta yin furfura a aiki a banza.

Na yanka mata kayan makaranta, saura maɓalli. Ta ce kada in sa, ke za ki sa.

Yayarki

*

Yayata,

Ina gaisuwa, ina kuma ba da haƙuri da jinkirin amsa. Maganarki ta yi mini zafi, kwana biyu ban iya sake buɗe takardar ba.

Zan faɗa miki wani abu, kada ki yi faɗa. Ban canja layi ba. Duk Litinin sai in roƙi wadda layin Shiru ya faɗo wa mu yi musanya, su kuma ba ruwansu, layi layi ne a wurinsu. Idan shugabar ta sauka ofis, sai in ciro zanena in goya ta, in yi shara da ita, in wanke kwalaben madara da ita. Da farko jikinta sandarewa yake yi kamar itace. A hankali ta fara kwantar da kai.

Ranar Laraba na sauke ta zan je ɗauko tawul. Ina kaiwa ƙofa na ji wata murya a bayana, siririya, a shaƙe. Yaya, kuka ta yi! Ta miƙo hannu biyu tana kuka don na tafi. Na durƙusa a wurin ni ma ina yi. Tun ranar jana'iza ban ji ni mutum ce ba sai ranar.

Ba zan iya barin ta yanzu ba. Na cika takardar ƙarin wata uku, an kuma amince. Ki sa maɓallan, don Allah. Ki ce wa Tsigi aiki ne ya riƙe ni, zan zo mata da jaka mai taya. Ita tana da ke, tana da uba, tana da 'yan'uwa. Wannan ba ta da kowa.

Taki,
Auta

*

Auta,

Gaisuwa dai an ce wajibi ce, to na gaishe ki.

Kin koya wa 'yar mutane kuka, sannu da aiki. Sai a ba ki takardar yabo ki rataye.

Ban ce mata aiki ne ya riƙe ki ba, don ba na yi wa yaro ƙarya a madadin babba. Na ce kin ɗaga dawowarki. Ta ce, "Har yaushe?" Na ce ban sani ba. Ta ce, "An yi mata faɗa ne don na yi fitsari?" Ki amsa wannan, ke da kika yi karatu.

Ranar makaranta ta ƙi sa rigar. Sai da na ɓalle maɓallan da na ɗinka, na kama da fil, sannan ta yarda. Haka ta tafi, 'yar gidan mai ɗinki, da fil a gaban riga, mata suna kallona a hanya. A bakin aji malamar tana cika takarda, ta duƙa ta tambaye ta, "Ina mamarki?" Yarinyar nan ta dube ni, ta dubi ƙasa, ta ce, "Ta tafi wajen yara."

Kin ce tana da ni. Ƙwarai kuwa. Ni ma ina da nawa huɗu, da ɗinkin mutane a kaina, da bayan da ke ciwo. Ban yi ƙorafi ba, kuma ba yanzu zan fara ba. Abin da nake so ki sani shi ne ta shigar da kujerar cikin gida da kanta. Fitsarin ya tsaya, kukan ma ya tsaya. Tana ci, tana barci, maigida har cewa yake ta warware. Ni kuwa na fi son lokacin da take hana mu sakat.

Jaka mai taya kuma ki bar kuɗinki, na saya mata ta goyo.

Yayarki

*

Yayata,

Assalamu alaikum. Ina fatan kuna lafiya. Ni dai ga ni nan.

An kama ni. Shugabar ta hawo ba lokacinta ba, ta same ni da goyo. Ba ta ɗaga murya ba. Ta kwance zanen da hannunta, ta mayar da Shiru gado na tara, ta ce in biyo ta ofis. Can ta ciro wani babban littafi ta buɗe mini, sunayen 'yan sa-kai ne na shekara ashirin da shida. Ta ce, "Kowace a cikinku da kirkinta take zuwa, kuma kowace tafiya take yi. Hannu biyu gare ni, yara goma sha takwas. Kin nuna wa yarinyar nan cewa in ta kira za a zo. Wa zai zo bayan ke?" Na ce zan zauna. Ta ce, "Har ta yi aure?" Na ce zan ɗauke ta. Ta ce doka ba ta ba baƙo, kuma ta ga a takarduna ina da 'ya. Ta tambaye ni wa ke zuwa in ita tawa ta kira.

An soke abin da ya rage na ƙarin watannin, an mayar da ni ɗakin wanki in ƙarasa kwanakina. Bango ɗaya ne tsakaninsa da ɗakin jarirai. Ina matse zannuwan gado ina jin kukan Shiru. Na san muryarta, ai ni na fito da ita. Kwana goma sha ɗaya tana yi, har ta dishe. Jiya ban ji komai ba. Ma'aikaciyar layin ta leƙo tana murmushi, ta ce in kwantar da hankalina, yarinyar ta koma daidai.

Na tsani tsohuwar nan, Yaya, kuma na rasa inda ta yi ƙarya. Ba su bar ni na yi sallama da Shiru ba, sun ce kada a koma farko.

Jirgina ranar ashirin ga wata ne. Don girman Allah ki faɗa wa Tsigi mamarta na nan zuwa. Ki ce mata wannan karon da gaske ne.

Ƙanwarki,
Auta

*

Auta,

Wa alaikumus salam. Allah ya kawo ki lafiya. Maigida zai tarbe ki a filin jirgi.

Na faɗa mata tana cikin yin aikin makaranta. Ba ta ɗago ba, ta ce to. Da ta gama shafin sai ta tambaye ni ko za ta ba ki katifarta ne, kamar yadda muke yi wa baƙi. Na ce a'a, za a shimfiɗa miki a falo.

Ki sani tun yanzu, ba zan haɗa mata kaya ranar da kika sauka ba. Nan za ki zauna, ki yi mata wanka, ki kai ta makaranta, har ranar da ita da bakinta ta ce za ta bi ki. In abin ya ɗauki shekara, shekara za ki yi a falona.

Da safen nan ina ɗaure mata takalmi ta ce, "In ta zo, me zan riƙa ce mata?" Na ce ta bari ki zo ta tambaye ki.

Yayarki