Shuɗin Yana Hannun Maman Elijah

Fadila,

Na kira wayarki, a kashe. Mamanku tana asibiti. Na dawo ɗaukar mata kaya ne, yanzu zan koma.

Da hantsi ta kunna turaren wuta a ɗaki, sai asmarta ta tashi. Ƙirji na kuka kamar usur, magana ba ta fita sai ɗai-ɗai. Na zazzage jakarta ina neman shuɗin abin shaƙarta, babu. Ashe jiya ta ara wa maƙwabciyarmu Maman Elijah, wai tari ya dame ta, ita kuma ta tafi da shi kasuwar Gwada. Mamanku a tunaninta ɗaya abin shaƙar, mai ruwan ƙasa, yana nan, ai duk ɗaya ne. Ta yi ta fesawa, ko gezau.

Ban yi boko ba, amma na riƙe maganar likita. Shuɗin shi ke buɗe hanyar numfashi nan take in ta tsuke. Mai ruwan ƙasa kumburin ciki yake ragewa a hankali, safe da yamma, kamar ban ruwan shuka. Ba a kashe gobara da shi.

An ɗaura mata abin shaƙar magani a fuska. Har yanzu likitoci ba su ce mini komai ba.

Maman Elijah na dawowa ki je ki karɓo shi, ban da faɗa, ita ma ba ta sani ba. Mamanku tana kan gadon ma tana yi mini nuni da hannu, wai kada a ba maƙwabciya kunya. Ki karɓo duk da haka. Ba gishiri ba ne da ake miƙawa ta katanga.

Babanki