Kafin Ruwa Ya Rufe Dutsen Mashigi

Zuwa ga Rukayya, sanyin idona, inuwar tsamiyata a tsakiyar bazara, ƙamshin ƙasa bayan ruwan farko, mahaifiyar 'yata!

Assalamu alaikum. Ina gaishe ki gaisuwar da ta fi fadamarmu faɗi. Ki miƙa gaisuwata ga Baba da Inna cikin ladabi, ki shafa mini kan jaririyarmu.

Yau wata huɗu ke nan da tafiyarki Karaye wankan jego. Na tambayi manya, sun ce kwana arba'in ake yi. Sai ga saƙonki: kina tsoron dawowa Mashigin Sulle da goyo, tunda damina na kankama rafi zai raba mu da asibiti da kasuwa har wata uku. Gaskiya kika faɗa, kuma da a aji ne da na ba ki maki cikakke.

Amma ya ke farin watana, kin san garin da kike gudu kuwa? Makon jiya na kwashi 'yan aji shida muka je wurin Gwaggo Tasalla, wadda ta fi kowa shekaru, ta ba mu tarihinsa. Bai cika shafi ɗaya ba. Wani falke ne, Sulle, ya zo da jakinsa ɗauke da kanwa zai ƙetare, ya tarar ruwa ya cika. Ya ce bari ya jira. Don kada zaman ya tafi a banza ya shuka dawa. Ruwa ya janye, dawa ba ta nuna ba, ya jira ta. Da ya girbe sai ya gina rumbu, kuma mai rumbu ba ya tafiya. Kakan wanzamai aski ya zo yi ranar suna, ruwa ya rufe bayansa. Kakan liman hanya ya ɓata. Gida goma sha bakwai, babu wanda kakansa ya zo da niyya. Na tambaye ta ko an taɓa yaƙi a nan. Ta ce, "Malam, da wa? Wa zai ƙetaro?"

Ni ma koyarwar zangon karatu ɗaya aka turo ni, ga shi shekara shida.

Kin tuna ranar da aka kawo ki? Da rani ne, rafin duk yashi, motar amarya ta kafe, kika taka da ƙafarki. Kika ɗaga mayafi kaɗan, kika dubi giginya uku da masallaci da makarantarmu mai ɗaki biyu, kika ce da ƙawarki, "Nan ne garin? To ina sauran?" Wayyo, Rukayya! Tun ranar nake neman sauran domin ki. Na samo kaɗan. Akwai balbelu da ke sauka a fadama da la'asar, farare fat kamar wankin Juma'a. Akwai rake, akwai gwaiba, akwai iskar da ke tasowa daga ruwa ta ratsa ɗakinki, ta tarar ba kowa, ta fita. Ina amfanin iska in ba ta taɓa mayafinki ba? Wa zan nuna wa balbelu? Na nuna wa hedimasta, ya ce ya gani.

Maganar asibiti ban ɗauke ta da wasa ba. Akwai hanyar tudu da ke zagayawa ba ta bi ta rafi. Na bi ta da babur ranar Asabar bayan ruwan sama: awa biyu da minti ashirin, faɗuwa biyu, kuma yanzu na san inda ramukan suke. Na sa magidanta mun cike mafi muni da duwatsu. Ba zan ce miki kusa ne ba. Na dai yi miki alkawari, duk ranar da jikin yarinyar nan ya yi ɗumi, kafin ki gama ɗaura zani na tayar da babur.

An kawo ki da rani ba ki san rafin ba. Yanzu kin san shi. In kin dawo, ke ce mutum na farko a tarihin garin nan da ya zo da saninsa, kuma zan sa yara su rubuta.

Dutsen tsakiyar mashigi, wanda in ruwa ya rufe shi ba mai ƙetarewa, saura taƙi ɗaya ya nutse. Tsofaffi sun ce ruwan sama biyu ya rage. Ranar Alhamis da hantsi maƙwabcinmu Lukumanu zai jira ki a wancan bakin rafin da amalankensa da shanunsa. Ni kuma zan shiga tsakiyar rafin in tsaya, ki auna zurfinsa a jikina da idonki. In ya wuce ƙuguna, ki juya, wallahi ba zan riƙe ki a zuciya ba, zan jira kaka. In bai kai ba, ki hau. Ki dai tuna ni gajere ne, ki yi wa rafin adalci.

Naki har ranar da rafin nan zai koma gudu sama,

Dalhatu