Fanel Goma Masu Ɗigon Jan Farce

Zuwa ga Yayana,

Assalamu alaikum. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri, yaya ƙafar? Ina fata likitoci sun bar ka ka fara takawa, ko da sanda ce. Ka gaishe mini da Anti, Allah ya ba ta ladan jinya. Mu nan lafiya lau. Inna ta ce in gaya maka ka daina yi wa masu ba ka magani gardama, ta san halinka.

Ka ce in riƙa ba ka labarin shago ba tare da na rage komai ba, to ga shi. Wata uku da ka bar mini makulli komai na tafiya daidai, sai makonni uku da suka wuce wani mutum ya kama ɗan shagon nan na ƙarshen layi, inda mai wanki ya tashi. Dattijo ne siriri, ba ya son magana, tabaraunsa kauri kamar gindin kwalba, shi ya sa 'yan layi suke ce masa Mai Tabarau. Ba ya sayen wayar wuta, ba ya sayen injin fanka ko na firji. Fanel kawai yake saya, koren allon nan na cikin waya da kwamfuta. Kuma Yaya, abin da yake biyan 'yan gwangwan a kilo ya fi abin da dilanmu yake biyan mu.

Na san za ka ce ƙarya ce. Ni ma haka na ce, sai da na tambayi mutum huɗu. Yanzu 'yan gwangwan da suka shekara goma suna sauke kaya a ƙofarmu sai su turo baro su wuce, suna gaishe ni ido a ƙasa. Na ƙara farashi na kwana uku don in ja su, na ga asara nake tarawa, na koma inda ka bari.

Abin da ya hana ni sakat shi ne ina yake kai kayan. Kujerata tana kallon ƙofarsa, ban taɓa ganin motar dila ta tsaya ba. Shagon kuwa bai kai rabin namu ba. Fanel yana shiga kullum, ba ya fita, kuma ɗakin bai cika ba.

Mutum ɗaya ne bai guje mu ba, Gajere mai baro. Shi kam har ya ƙara ƙoƙari, buhu biyu na fanel yake kawo mini duk mako. Allah ya yi masa albarka.

Ka kwantar da hankalinka ka warke. Ka huta lafiya.

Ƙanwarka,
Auta

*

Yayana,

Gaisuwa da fatan ka samu ƙarin sauƙi. Takardarka ta iso, na ji daɗin cewa ka kai bakin ƙofa da ƙafarka. Na karanta shawararka ma, cewa sikelin mutumin ne yake da hannu, in rabu da shi zai faɗi da kansa. Yaya, ka yi haƙuri, ban iya rabuwa da shi ba.

Na zaɓi fanel goma masu kyau daga cikin namu, na auna su a sikelinmu, sannan na ɗiga wa kowanne jan farce a bayansa, a kusurwar da ido ba ya zuwa. Na ba Tela maƙwabcinmu ya kai masa kamar nasa ne. Sikelinsa lafiya lau, nauyin da na samu shi ya samu, ya biya cif. Niyyata in je rumbun dila bayan mako guda in dudduba buhuna, ko zan ga ta hannun wa suka iso.

Ban kai ga zuwa ba. Ranar Alhamis Gajere ya kawo buhunansa biyu, na auna, na sallame shi, na zazzage su a tabarma ina warewa. Na juya wani fanel sai ga ɗigon jan farcena yana kallona. Na zauna na juya su ɗaya bayan ɗaya, na samu bakwai daga cikin goman.

Sai dai ba yadda suka tafi suka dawo ba. Ka san ƙananan baƙaƙen ƙwayoyin nan masu ƙafafu da ke manne a jikin allo? Duk an ɗauke manyan cikinsu, an bar gurbinsu fes, ko ƙuna babu. Wato mutumin nan yana saya da tsada, ya cire abin da yake so, ya ba Gajere ƙwarangwal a araha, Gajere ya zagayo ta bayan layi ya sayar mini a cikakken farashi. Ni kuma ina sa masa albarka. Sai a lokacin na gane abin da ya sa dila ya yi mini ƙorafi wancan makon cewa kayanmu sun yi rama, kuma idan aka ci gaba haka zai rage mana farashi.

Da Gajere ya dawo na shimfiɗa masa su a gabansa. Bai musa ba. Ya sosa ƙeya ya ce allon da ke ƙofarmu cewa ya yi ana sayen fanel, bai ce mai ƙwaya ko marar ƙwaya ba, kuma ban taɓa tambayarsa ba. Gaskiyarsa ce kuwa. Na ce ya tafi sai na neme shi.

Na yi fushi, ba zan ɓoye maka ba, amma fushin bai kai la'asar ba. Tun ranar nake ɗaukar fanel ina juya shi a rana. Me ke cikin ƙwayar da ba ta kai farce ba, har mutum zai biya kuɗin kilo guda saboda ita? Shekara goma sha biyu kana ɗora su a sikeli tare da ƙarfe da roba. Ka taɓa sanin wannan, ko kai ma yanzu kake ji?

Inna tana gaishe ka. Allah ya ƙara afuwa.

Taka,
Auta

*

Yayana abin ƙaunata,

Ina gaishe ka, ina gaishe da Anti, da fatan jiki yana ta ƙarfi. Ka yafe mini jinkirin amsa. Na ga ka ja layi biyu a ƙarƙashin maganarka cewa kada in taka shagon mutumin nan, in kori Gajere, in jira ka dawo. Takardar ta same ni bayan na riga na je.

Da hantsi na je, da fanel bakwai ɗin a leda. Ɗakin tsaf yake kamar na mai sayar da magani. Teburi ɗaya, fitila mai lanƙwasa wuya, gilashin ƙara girma, da wata na'ura mai hura iska mai zafi da yake narka dalma da ita ya ɗauke ƙwaya. Bango kuma cike da ƙananan kwalabe, kowace da takardarta. Ina tsaye masu gyaran waya biyu suka shigo ta ƙofar baya, kowanne ya faɗi lamba, ya karɓi ƙwaya ɗaya a ƙunshin takarda ya sa a aljihu. Motar da na yi wata guda ina jira in gani ke nan, aljihun riga.

Na ajiye masa ledar na nuna masa ɗigon. Ya cire tabarau ya yi dariya har da tari. Ya ce shekara talatin yana gyaran rediyo da waya, bai taɓa tunanin wata rana za a bi sawunsa da jan farce ba. Ya rantse bai san inda Gajere yake kai ragowar ba, shi dai murna yake an kwashe masa. Na yarda da shi.

Ya ba ni kujera, na yi ta tambaya yana amsawa, har na ji tasa matsalar ba tare da ya lura ya faɗa ba. 'Yan gwangwan suna kawo masa baro cike da wayar wuta da injuna, shi kuma fanel kawai yake ɗauka, cikin fanel ɗin ma rabi ba su da amfani gare shi. Kullum sai sun yi cacar baki, don su ba sa son sauke kaya a wuri biyu, rana tana ƙwace musu.

Na yi masa sallama. Na dawo na goge allon ƙofarmu na rubuta farashi uku: fanel mai ƙwaya, fanel marar ƙwaya, da sauran kaya. Na juya fuskar sikeli tana kallon titi. Na gaya wa 'yan gwangwan duk wanda ya kawo baro zan ɗauke shi gaba ɗaya a tsayuwa ɗaya, kuma fanel mai kyau zan biya kusa da abin da Mai Tabarau yake biya. Kusa, ba daidai ba, amma sun lissafa lokacinsu sun ga ya fi musu. Cikin kwana goma mutum tara sun dawo.

Sannan na koma wurinsa da kwali guda na zaɓaɓɓun fanel, babu na banza ko ɗaya. Ya daɗe yana dubawa, ya ce idan haka zan riƙa kawowa zai ƙara mini a kan farashinsa, ya huta da hayaniya. Ƙwarangwal ɗin kuma yana dawo mana da su a farashin ƙwarangwal, ina ware wa dila su daban, ƙorafi ya ƙare. Gajere ban kore shi ba, Yaya. Shi ke jigilar kwalaye tsakanin shagunan biyu, ya ma fi kowa sanin hanyar.

Saura abu ɗaya, shi ne na fi jin nauyin faɗa maka. Kullum bayan azahar, idan layi ya yi shiru, ina zuwa in zauna a teburin Mai Tabarau awa guda yana koya mini cire ƙwaya. Na ƙona ƙwaya goma sha ɗaya, na ƙona yatsa biyu. Jiya na ɗauke ta farko lafiya, ƙafafunta duka a miƙe. Ya duba ta a gilashi, ya jefa ta cikin kwalbar waɗanda yake sayarwa. Na dawo shago ina murmushi ni kaɗai kamar wadda aka yi wa kyauta.

Shagonka yana nan yana jiranka, ranar da ka dawo zan miƙa maka makulli da hannu biyu. Amma na kwashe tsofaffin batura daga kusurwar taga na sa ƙaramin teburi da fitila. Wannan kusurwar kam, Yaya, ba zan mayar maka ba. Gara in faɗa maka tun kana kwance, ka gama faɗan a can kafin ka iso.

Allah ya tashi kafaɗarka, ya dawo mana da kai lafiya.

Ƙanwarka mai jin magana wani lokaci,
Auta