A Kunna wa Mama Ruwan da ke Jikin Kalanda

Daga: 'Yar mai gyaran agogo, gida mai koren ƙofa, bayan tsohon gidan mai.

Zuwa ga: Mai Girma Darakta, Ofishin Yawon Buɗe Ido.

Kwanan wata: 14 ga Afrilu.

Ranka ya daɗe,

GAME DA: GARIN DA KE JIKIN KALANDAR OFISHINKU, DA RUWAN DA AKA JE BA A TARAR BA

Bayan gaisuwa ta girmamawa ga Mai Girma Darakta da ma'aikatansa, ina rubuta wannan takarda a madadin mahaifina, mai gyaran agogo da ya ajiye aiki, da mahaifiyata, tela. Baba ya fara rubuta tasa da hannunsa, amma da na karanta layin farko sai na karɓe biron, don kada mu kai ƙorafi a ƙare da kai mu ƙara.

1. Shekarun baya ofishinku ya raba kalanda kyauta, ɗauke da hoton wani gari: shataletale, furanni ja da rawaya, bencina, da famfo a tsakiya yana fesa ruwa sama har ya wuce fitilar titi. A ƙasa an rubuta wai kowa ya zo ya gani da idonsa. Shekarar ta ƙare, kalandar ba ta sauka ba. Mama ta rataye ta daidai gaban keken ɗinkinta, in zare ya gajiyar da ita sai ta ɗaga kai ta huta a kan ruwan nan. Baba kuwa kullum sai ya ce zai kai ta idan aiki ya yi sauƙi. Mutumin da ya saita wa unguwa duka lokaci, nasa alkawarin ne kawai bai taɓa saitawa ba.

2. Ranar 2 ga Maris likita ya shaida mana cewa hawan jinin ido ya cinye wa Mama idon hagu, na dama kuma yana rufewa daga gefe. Yanzu gani take kamar mai leƙe ta ramin makulli, kuma likita bai yi mana alkawarin ko wannan zai kai ƙarshen shekara ba. Mama ba ta yi kuka ba. A mota ta ce wa Baba tunda akwai ofishi guda da aikinsa buɗe ido, tana son nata rabon kafin nata ya rufe. Washegari Baba ya tafi tasha ya yanko tikiti.

3. Ranar 21 ga Maris suka isa. Ina roƙon afuwar Mai Girma, amma garin nan ko kare bai ga dalilin yi musu haushi ba. Titi ɗaya ne, shagunan a rufe, wanda ke buɗe kuma kwaɗon ƙofa yake sayarwa, ga alama don sauran su rufe da kyau. A masauki fanka tana juyawa ba ta kawo iska, famfon banɗaki tari kawai yake yi. Agogon tasha a tsaye yake cak. Abin ya taɓa Baba har ya nemi a ba shi tsani, sai mai yankar tikiti ya ce ya bar shi, ba wanda ke sauri a nan. Da suka tambayi inda furanni suke, aka nuna musu wata mai sayar da na roba. Mama ta ce karon farko ke nan da ciwonta ya yi mata rana, don da kaɗan-kaɗan take ganin garin, ba gaba ɗaya ba.

4. Shataletalen yana nan, ba mu musanta ba. Kwarmin siminti ne busasshe ƙayau, da bututu a tsakiya an kifa masa gwangwani, wani kuma ya shanya wandonsa a gefe. Kusa da shi akwai ƙaton allo ɗauke da hoton kalandarmu sak, sai dai ya koɗe. Maigadin wurin, mutum mai ladabi ƙwarai, ya bayyana musu cewa hoton zane ne na yadda wurin zai zama. Ya ce an ja bututu, injin tura ruwan yana nan a ajiye a sito, ana jiran babban mutum ya zo ya yanke ƙyalle. Ya ƙara da cewa baƙi a gaban allon suke ɗaukar hoto, in an iya tsayuwa ba mai ganewa. Mama ta ce nata na gida ya fi wannan haske, kuma ba a shiga mota kafin a gan shi.

5. Wannan shi ne abin da ya fi ci mini rai. Baba, da ciwon bayansa, ya ari bokitin ruwan maigadi, ya shiga cikin kwarmin, ya dinga watsa ruwa sama da kofi yana cewa Mama ta duba. Ruwan ya dawo masa a kai, ya jiƙe sharkaf. Mama ta yi dariya har sai da ta zauna, ta rantse ta gani. Baba ya san ba ta gani ba, domin kafin idonta ya lalubo wurin, ruwan ya riga ya sauka. Ita ruwan da zai tsaya ya jira ta take bukata. Tun da suka dawo Baba ba ya cin abincin kirki. Ya juya kujerarsa ya ba kalandar baya, yana ta cewa shi ne ya makara. Wallahi ganinsa a haka yana karya mini zuciya.

Saboda haka, Ranka ya daɗe, ba biyan wahala muke nema ba. Muna roƙon a fito da injin nan daga sito a kunna shi ko da wuni ɗaya ne, a kuma sanar da mu ranar. In ƙyalle ne matsalar, Mama tana da ragowar yadi buhu guda da almakashi mai kaifi. In babban mutum ne bai samu ba, Baba yana da riga mai kyau.

Mun san aikin ofishi ba ya son gaggawa. Idan har takardar nan ta daɗe a kan tebur ta wuce lokacin da likita ya faɗa, muna roƙon duk da haka a kunna, a sa benci kusa-kusa inda feshin zai taɓa fuska, a kuma buɗe ruwan da ƙarfi yadda za a ji ƙararsa. Za mu kawo ta.

Allah ya ƙara wa Mai Girma lafiya da basira.

Taku cikin ladabi da biyayya,

'Yar mai gyaran agogo
(sa hannu)