Ƙararrawar Kekenka a Mashigin Baba Nomau

Zuwa ga mai girma Alhaji Baba, kakana kuma babban abokin hamayyata,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, tare da girmamawa irin wadda ban taɓa yi maka ba kana da rai, ina sane da cewa takardar nan ba za ta iso gare ka ba. Inda kake babu ɗan aike. Ko da akwai, na san za ka ce a taƙaita maka, domin ni ban iya gajeriyar magana ba. To, yau babu mai katse ni, sai ka yi haƙuri.

Hajiya Inna ta fita takaba lafiya. Na gabatar mata da buƙatata a hukumance, cewa tunda tsohon ango ya janye daga fage, lokaci ya yi da za ta duba lamarin jikanta, saurayi mai cikakkun haƙora. Ta jefe ni da mafici. Masarar bayan gari ta kai ƙugu. Akuyarka mai taurin kai ta haifi tagwaye, kuma dukansu halinta suka ɗauko.

Sai dai akwai ɓaraka. Ranar da ka rasu kowa ya ruɗe, aka yi jana'iza babu wanda ya tuna ya aika wa amininka Baba Nomau, Bamagujen nan na ƙasan rafi ta wajen Ƙarfi, wanda kuka yi kiwo tare kuna yara. A bakin 'yan kasuwa ya ji, bayan an share makoki. Ka san idanunsa sun tafi, ba shi da halin zuwa. Da Babbar Sallah muka aika masa da cinyar rago kamar yadda ka saba, ya mayar mana da ita. Hajiya ta kasa cin abincin kirki. Ta ce zumuncin da ya girmi mahaifina ba zai mutu a hannunmu ba. Nan take ta naɗa ni jakada, ta ce in hau kekenka in je in ba da haƙuri.

Na fito da shi daga zaure, mai faci ya ba tayoyin iska, ya ɗiga wa sarƙar baƙin mai. Na bar kwalta na bi hanyarka ta gefen rafi. Alhaji Baba, me ya sa ba ka taɓa faɗa mini daɗin hanyar nan ba? Ko tsoro kake kada in gaje ta tun kana raye? An yi ruwa da asuba, ƙasa ta lafa, rafi ya cika yana tafiya a natse kamar attajiri ya fito daga masallaci. Balbelu sun jeru a bayan shanu. Samari suna wankin babura, mata suna shanya a kan duwatsu. Na yi niyyar nuna bajinta, amma kekenka ya ƙi. Gudu ɗaya ya sani, wanda ka koya masa, kuma bai fi tafiyar jaki mai tunani ba.

Ashe ma gudun ba shi da amfani. Duk wanda ke bakin rafin nan ya san keken kafin ya san ni. Tunda ka hore mu cewa ba a gai da babba daga kan sirdi, sai na riƙa sauka. Na sauka wa mai lambu, na sauka wa masunci, na sauka wa wata tsohuwa mai ɗauke da itace. Ina tabbatar maka saukata ta fi tuƙina yawa. Kowa sai ya shafa kan keken, ya yi maka addu'a, ya ɗora mini wani abu a kariya: gauta, kuɓewa, har da tarwaɗa mai rai da ta yi ta marin madigadi. Wannan ne kake kira shan iska? Rangadi kake yi ba mu sani ba!

A nan zan faɗa maka abin da girman kai ya hana ni faɗa. Na sha kiran keken nan tsohon ƙarfe, ina cewa ka sayi babur, kai kuma kana cewa babur ba ya barin mutum ya yi gaisuwa. Amma ranakun da kake ɗora ni a baya ina ƙarami, kana cewa in ware ƙafafu kada waya ta kama mini dunduniya, ban san wani ɗan sarki da ya kai ni jin daɗi ba. Ƙamshin turarenka da na goro har yanzu suna hancina.

A hanya na shirya jawabi na musamman, mai gabatarwa da gangar jiki da kammalawa, na gwada shi a gaban balbelu ba su yi ƙorafi ba. Da na kai mashigi, sai ladabi ya sa na sauka na turo keken a hankali, ko ƙara ba ya yi. Na iske Baba Nomau zaune a gindin tsamiya. Na tuɓe takalma, na durƙusa, na zuba masa jawabin tun daga farko har ƙarshe. Ya kawar da kai gefe. Na fara tunanin da wace fuska zan koma wa Hajiya.

Can sai ya miƙa hannu ya laluba. Ya taɓa taya, ya bi ƙarfe har ya kai ga ƙararrawa, ya tsaya a nan. Ya ce keken nan bai taɓa shigo masa gida shiru kamar ɓarawon awaki ba. Ya ce kai tun daga mashigi kake fara kaɗawa, don ya shimfiɗa tabarma ya kuma shirya zagin da zai tarbe ka da shi. Ya umarce ni in koma in shigo kamar yadda aka saba.

Na koma, Alhaji Baba. Jakada guda, ba takalmi, da tarwaɗa a baya. Na hau, na taka feda, na kaɗa ƙararrawa iya ƙarfin babban yatsana. Da na hauro tudu na hango shi a tsaye, ya dogara sanda, ya karkata kunne wajen rafi. Ya ɗaga murya ya kira ka da sunan ƙuruciyarka, ya ce maka ragon makiyayi wanda tumaki suke kiwonsa. Yana dariya, hawaye suna bin gemunsa. Sannan ya zauna ya ce yanzu ne aka faɗa masa rasuwar, ya karɓi gaisuwa, ya ba ni zuma in kai wa Hajiya. Ya kuma yanke hukunci cewa duk mako sai ya ji ƙarar nan, kuma jawabi an soke shi har abada.

Ban musa ba. Shi da ya ji ƙararrawar, ji ya yi ka iso. Ni da nake kaɗa ta, a lokacin ne na yarda ka tafi.

Allah Ya jiƙanka, Ya haskaka makwancinka, Ya sada mu a inda ba a rabuwa. Ka huta lafiya.

Naka har kullum,
Nafi'u, jikan da ka ce bakinsa ya fi ƙafarsa sauri.